Hantsi Leƙa Gidan Kowa

Cikin kirare-kiraren da Bahaushe ya yi wa abubuwan sama, da wuya a sami wanda ya kai na hantsi gaskiya, watau da aka ce masa "leƙa gidan kowa". Dalili kuwa shi ne hantsi ba ya sallama a zaure, ba ya jiran a yi masa iso, kuma bai san bambancin gidan sarki da na talaka ba. Da zarar rana ta ɗaga ta wuce kan katanga, sai haskenta ya zubo tsakar gida, ya tarar da mai daka a bakin turmi, mai shanya a bakin igiya, jariri kuma a kan tabarma yana wutsil-wutsil. An yi wannan kirari ne a zamanin da gidan Bahaushe yake buɗe ta sama, lokutan shekara kuma kowanne yake zuwa a kan ƙa'idarsa. A yau duka biyun sun soma sauyawa, kuma inda abin yake ƙarewa, ba tare da an lura ba, shi ne a kan ƙashin ƙaramin yaro da na mahaifiyarsa.

Garin Gazara yana cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi, a arewacin ƙasar Zazzau, maƙwabciyar Ikara da Kudan. Ƙasa ce ta noma, wadda ta yi suna da rake da mazarƙwaila, ga masara da dawa a tudu, ga tumatir da tattasai a fadama. Mutumin wannan yanki ya gaji lissafin shekara tun kaka da kakanni. Ya san bazara takan yi zafi daga Maris zuwa Mayu, ruwan shuka yakan sauka wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, marka takan kama a Agusta, ruwa yakan ɗauke a farkon Oktoba, sa'an nan kaka ta shigo, hunturu ya biyo baya da hazonsa da sanyinsa. Ma'aunin ruwan sama na Samaru, wanda ba shi da nisa da nan, yakan nuna kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka. A kan wannan lissafi ake shuka, ake sa ranar biki, ake yaɓe ɗaki, har ma ake yaye yaro, domin tsofaffi sukan so a yaye shi lokacin da rumbu yake cike.

Ba yau aka fara ganin shekara ta saɓa alkawari ba. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, haka ma na 1983 da 1984. Sai dai a wancan lokaci kukan guda ɗaya ne, watau ƙarancin ruwa. Abin da ake gani a 'yan shekarun nan ya fi wannan rikitarwa. A watan Maris na 2010, bayan kowa ya naɗe bargonsa yana jiran zafi, sai ga hazo mai kauri ya komo ya lulluɓe ƙasa har aka soke tashin jiragen sama. A 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a jihohi da dama. A 2024 kuwa, a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, ana tsakiyar azumi, aka yi zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Da damina ta yi tsaka sai ruwa ya ɗauke na makonni a wasu jihohin tsakiyar Nijeriya har aka fita roƙon ruwa. A watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Duk a shekara guda ke nan. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zuwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982.

To, mene ne mutanen gida suke yi idan yanayi ya rikice haka? Amsar guda ce ko da wane iri ne rikicin: shiga ɗaki. In zafi ya tsananta, a shige ɗaki a sa labule. In marka ta zarce, a shige ɗaki a kunna gawayi. In hazo ya dawo ba lokacinsa ba, a shige ɗaki a dunƙule yara cikin rigunan sanyi don gudun mura da tari. Babu wanda zai ga laifin wannan, domin kowace uwa kāre ɗanta take yi. Maigida dai dole ne ya fita, ko gona ko kasuwa, rana kuwa za ta same shi ko yana so ko ba ya so. 'Yan mata masu talla su ma suna waje, tsohuwa kuma ba mai hana ta zuwa barka da ta'aziyya. Waɗanda suke saura a ɗaki su ne matar aure mai ƙuruciya da goyonta, kuma su ne, cikin dukan mutanen gidan, suka fi bukatar abin da rana take bayarwa.

Abin nan da rana take bayarwa shi ne masana kiwon lafiya suke kira bitamin D. Shi ba kamar sauran 'yan'uwansa ba ne waɗanda ake samu galibi daga abinci, domin jikin mutum da kansa yake ƙera shi. Akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB; idan ya taɓa fata sai ya juya wani maiƙo da yake cikinta ya zama bitamin D, jini ya kwashe shi zuwa hanta, hanta ta gyara shi ta miƙa wa ƙoda, ƙoda ta ƙarasa aikin. Amfaninsa kuwa shi ne ya buɗe wa sinadarin kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙashi. Idan babu shi, abin da hanji zai iya tsotsa na kalsiyam ɗin abinci bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Idan yana nan kuwa yakan kai kashi 30 zuwa 40. Za a iya kwatanta abin da ginin ɗaki: kalsiyam shi ne tubali, bitamin D kuma shi ne lebura mai miƙa wa magini. In ɗaya ya yi ƙaranci, bango zai tashi da taushi. A jikin yaro mai tasowa, wannan taushi shi ne ciwon da likitoci suke kira riket, wanda yake sa ƙafa ta lanƙwashe ta zama kamar baka, ko gwiwoyi su haɗu yaro ya yi gwame. A jikin babba kuwa ciwon ƙugu ne da na baya, da kasala, da nauyin tashi daga zaune.

Turawa ne suka fara shan wahalar wannan ciwo sosai, a biranensu masu hayaƙin masana'antu da lunguna marasa haske. Tun a 1822 wani likita a ƙasar Folan ya lura cewa yaran birnin Warso sun fi yaran ƙauye kamuwa da shi, ya kuma ɗora alhakin abin a kan rashin rana. Sai a 1919 aka tabbatar, lokacin da wani likita a Balin ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman, wani kuma a Ingila ya warkar da 'yan kwikwiyo da man hantar kifi. A 1922 aka raɗa wa sinadarin suna. Amma labarin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na gundumar Nasik ta Indiya, wanda aka buga a wannan shekara ta 1922. A can an tarar cewa 'ya'yan masu hali, waɗanda iyayensu mata suke zaune a cikin ɗakuna masu duhu, sun fi 'ya'yan matalauta masu aikin gona kamuwa da riket, alhali kuwa abincin masu halin ya fi kyau nesa ba kusa ba. Watau a ƙasar da rana ta yi yawa ma, mutum yana iya gina wa iyalinsa hunturun Turai da kuɗinsa.

Wannan magana ta hunturun Turai tana bukatar ɗan bayani. Birnin Landan yana kan digiri 51 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta ƙera bitamin D, shi ya sa tun 2016 hukumomin lafiyarsu suka shawarci jama'a su riƙa shan ƙwayarsa a waɗannan watanni. Gazara kuwa tana wajen digiri 11 ne, kuma babu watan da ranarta take rasa wannan ƙarfi. Sau biyu a shekara ma rana takan tsaya daidai bisa kan mutum: wajen 20 ga Afrilu, da kuma wajen makon ƙarshe na Agusta. Abin mamaki a nan shi ne lokutan nan biyu su ne aka fi guje mata ko aka fi rasa ganinta, na farko saboda zafin bazara, na biyu saboda marka. Gizagizai da ƙura suna rage wannan haske, amma ba sa kashe shi baki ɗaya, don haka wanda ya yini a waje ranar da gari ya lumshe ya sami rabonsa. Jiki kuma yana da ajiya, makonni biyu ko uku na marka ba za su ƙarar da ita ba. Abin da yake tare hasken ɗungurungum shi ne rufin kwano, da gilashin taga, da tufa mai kauri. Haka kuma ba kowace rana ce mai amfani ba. Ta sassafe, wadda ake jin daɗin sha lokacin ɗari, ɗumi kawai take bayarwa. Sai inuwar mutum ta gaza tsawonsa, watau daga walaha zuwa azahar, sa'an nan fata take samun abin kirki, kuma baƙar fata ta fi fara bukatar lokaci.

A wani gida na Gazara an ga yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa. Gida ne irin na da, mai zaure da shigifa da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar zogale a bayan madafi. A nan uwar maigidan, wadda kowa yake kira Iya, ta yi zaman aurenta na kulle shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa rasa rana ba, domin surfe da daka da bakace da wanki da girki duk a fili ake yin su, da ɗaurin ƙirji, kafaɗu da hannuwa a buɗe, tun da ba namijin da yake shiga. Ɗanta na fari, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce "wancan", ya tashi da fataucin hatsi zuwa Dawanau a Kano, Allah kuma ya buɗa masa. A wata damina aka yi ruwan dare guda wanda ya cika tsakar gidan ya zubar da katangar ƙasa. Da kaka ta yi sai ya rushe sashensa ya gina na bulo, ya sa tagogin gilashi da labule masu nauyi, ya shafe tsakar gidansa da siminti, sa'an nan ya rufe ta ruf da kwano, don kada ruwa ko rana ko ƙura su sāke damun iyalinsa. Mutanen unguwa suka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta, domin don ƙauna ya yi.

Cikin wannan sashe aka kai amaryarsa, yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, wadda kafin aure kullum tana kan hanya da farantin talla. Niƙa yanzu inji yake yi, ruwa yaro yake kawowa, girki kuma a ƙarƙashin rufi. Da ta sami ciki aka ƙara mata da gargaɗin da ake yi wa kowace mai ciki, cewa kada ta fita da tsakar rana saboda iskoki. Ta haihu ana gab da damina, ta yi kwana arba'in na jego a ɗaki, wanka kuwa da asuba da yamma. Marka ta wannan shekara ta zarce har cikin Satumba, hunturu ya zo da ƙura mai yawa, bazara ta biyo da zafin da ba a fita. Haka yaron ya cika shekara, ya shiga ta biyu, daga bayan uwarsa cikin zane da mayafi sai kan katifa.

Iya ce ta fara lura. Yaron ya yi wata goma sha takwas bai taka ba, maɗigarsa ba ta rufe ba, haƙoransa sun yi jinkiri. Da ya fara tafiya kuma sai ya riƙa yin taku kaɗan ya zauna yana kuka. Wata rana ta ɗauke shi tana yi masa wasan jika, tana cewa, "Angona, wannan ƙafa taka da ita za ka je gona ka noma mini abin tuwo?" Sai ta riƙe wuyan hannunsa ta ji ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. Ta shafa ƙirjinsa ta ji ƙulle-ƙulle a jere a kan haƙarƙari kamar carbi. Ta kira surukarta ta ce, "Amarya, tun yaushe hannun yaron nan ya zama haka?" Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Iya, na ɗauka ƙiba ce."

Daga nan fa shawarwari suka yi yawa. Wata ta ce an tsayar da shi ne tun ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. Wata ta ce gado ne, ai kawun uwarsa ma haka ƙafarsa take. Wata ta ce a nemi rubutu, wata ta ce a kai shi wurin maɗori ya ɗaure ƙafar da kara. Wata kuma ta ce a ƙyale shi, zai miƙe da kansa. Wannan ta ƙarshe tana da 'yar gaskiyarta, domin yara da yawa sukan fara tafiya da ƙafa mai ɗan lanƙwasa, ta kuma miƙe da kanta wajen shekara biyu. Amma lanƙwasar da take ƙaruwa, ta zo da kaurin wuyan hannu da ciwon ƙafa da jinkirin tafiya, wannan ba ta jira ba ce. Iya dai ba ta yi musu da kowa ba. Da dare ta aika aka kira mata ɗanta, ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye ake miƙar da shi. Gobe ka nemi mota."

A wani asibiti a Zariya aka ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu da na gwiwa, aka auna jini, aka ce riket ne. Maigida ya yi mamaki da ya ji an ambaci rana. Ya ce, "Likita, rana kuma? Mu da muke kuka da ita?" Likita ya tambaye shi yadda gidan yake, ya bayyana masa. Sa'an nan ya juya ga Iya ya ce, "Iya, me yaron yake ci tun da aka fara ba shi abinci?" Ta ce koko da safe, tuwon masara da rana da dare, sai ɗan rake da mazarƙwaila da yara suke ba shi. Ya ce nono fa? Ta ce rabon da 'yar Fulani ta shigo gidan da ƙwarya an daɗe. Ya ce ƙwai fa? Ta yi dariya ta ce ai ba a ba yaro ƙwai, kada ya tashi da ɗauke-ɗauke.

Tambayar abinci da likitan ya yi tana da tushe, kuma tushen a arewacin Nijeriya yake. A 1999 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga sakamakon binciken da Dokta Thacher da abokan aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a kan yara 123 masu riket. An raba su kashi uku, aka ba wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun, har tsawon mako 24. Cikin waɗanda suka sha bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin ɗari ne suka kai matsayin warkewa da aka gindaya. Masu kalsiyam kaɗai kashi 61. Masu duka biyun kashi 58. An kuma tarar cewa abin da yaran suke samu na kalsiyam a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, alhali masana na duniya sun daidaita a 2016 cewa yaron da ya wuce shekara guda, in yana samun ƙasa da 300, yana cikin hatsari, sai ya haura 500 ake cewa ya wadata. Watau a yawancin yaran nan lebura yana nan, tubali ne babu. Binciken da ya biyo baya a Jos ɗin ya ƙara nuna abu biyu: garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa yana warkar da ciwon, kuma ƙara bitamin D a kan kalsiyam yana taimaka wa warkewar. Saboda haka wanda ya ce rana kaɗai ce magani bai faɗi daidai ba, wanda kuma ya ce a ƙasar rana ba a rasa bitamin D shi ma bai faɗi daidai ba. Ƙarancin kalsiyam ma yana sa jiki ya ƙone ɗan bitamin D ɗin da yake da shi da sauri. Yaron Gazara ta fuska biyu abin ya same shi.

A nan ne rikicewar yanayi take sāke shigowa, ta ƙofar madafi. Hatsi, musamman masara wadda ta mamaye gonakin wannan yanki tun daga ƙarshen shekarun 1970, ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma yana ɗauke da wani sinadari mai riƙe ɗan wanda yake akwai ya hana hanji tsotsarsa. Abin da yake cike wannan giɓi a abincin Bahaushe shi ne nono da kindirmo, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi waɗanda ake ci da ƙayarsu. To shekarar da ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ba ta fito da wuri, shanu su rame, nono ya yi tsada. Shekarar da ambaliya ta ci fadama, kuɗin cefane ya ragu, abin da ake fara yankewa kuwa shi ne kifi da nono, a bar tuwo, tun da shi ne mai cika ciki. Ga kuma satar shanu da ta addabi jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara a shekarun 2010, wadda ta kori rugage da dama. (Akan zargi masu tallar nono da ƙara masa garin ƙwame don ya yi kauri, in dai ha'inci ne, to wannan ha'inci ne da ƙashi ba zai yi ƙara a kansa ba, domin 'ya'yan kuka suna da kalsiyam.) Kanwa kuwa, wadda wasu suke zaton tana ƙarfafa ƙashi saboda kamarta da dutse, ba ta da wani abin kirki na wannan sinadari, dangin gishiri ce.

An rubuta wa yaron kalsiyam da bitamin D na watanni, aka ce a riƙa ba shi nono da ƙwai da garin kifi a cikin miya, a bar shi ya yi wasa a fili. Amma likitan bai sallame su ba sai da ya tambayi uwar yaron ko tana jin ciwon baya da ƙugu. Ta dubi surukarta tukuna, sa'an nan ta ce tana ji, tun bayan haihuwa, amma an ce mata na jego ne. Wannan shi ne sashen labarin da aka fi yin shiru a kansa. Ƙashin mace bai gama cika ba sai ta wuce shekara ashirin, don haka yarinyar da ta yi ciki tana da goma sha bakwai gini biyu take yi da tubalin da bai ishi ɗaya ba. Jariri da ajiyar uwarsa yake zuwa duniya, in ba ta da shi, shi ma ba shi da shi. Nonon uwa kuma, duk da babu abincin da ya kai shi, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa masanan nan na 2016 suka ce a riƙa ɗiga wa kowane jariri awo 400 a rana har ya shekara, mai ciki kuma ta sami 600. Wannan ya fi a shanya jinjiri a tsakar rana, abin da ba a so ga wanda bai kai wata shida ba. In kuma 'ya mace ce riket ya kama aka bar shi, ƙashin ƙugunta yana iya tsukewa, abin ya jira ta har ranar naƙuda.

Ba kulle ba ne ya jawo wannan, domin Iya ta yi kullen da ya fi na surukarta tsanani, ta kuma haifi takwas ba mai gwame ko ɗaya. Magina na da, waɗanda ba su taɓa jin sunan bitamin ba, sun bar wa mace sararin sama a cikin gidanta, inda za ta yi aikinta ba mayafi ba tare da idon baƙo ya gan ta ba. Maginin yanzu yana kwaikwayon gidajen birni, inda fili ya yi tsada ake cinye shi da ɗakuna, ya kawo wannan tsari ƙauyen da fili bai yi ƙaranci ba. Ruwan da yake zuwa da ƙarfi gaskiya ne, kuma dole a yi masa shiri, amma shirinsa magudana ce mai kyau da harsashin gini mai tsawo.

Maigida bai ce komai ba a mota har suka iso. Bayan kwana biyu ya kira kafinta, aka cire fallen kwano shida daga tsakiyar rufin, aka bar rumfa ta gefe-gefe don ruwa da zafin azahar, aka haƙa lambatu zuwa waje. Kwanon da aka cire da shi aka rufe garken awaki. Iya ta sa aka dawo da turmi da murhu wajen da aka buɗe, ta kuma yi ciniki da wata Bafulatana daga wata ruga ta wajen Gubuci tana kawo kindirmo sau biyu a mako. Batun ƙwai ne kawai aka daɗe ana ja, daga baya ta yarda a ba shi gwaiduwa, amma ita ba da hannunta ba. Bayan wata shida aka koma aka sāke hoto, aka ce bakin ƙasusuwan ya cike, kaurin wuyan hannu ya ragu. Lanƙwasar ƙafar kuwa likita ya ce takan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ta miƙe, a dawo da shi bayan kaka a sāke dubawa.